Baba Mai Tsaba Zai Rufe Shago

Kafin maƙwabtansa su buɗe, Baba Mai Tsaba ya riga ya share gaban shagonsa ya jera buhuna. Duk buhun masara ko dawa da aka kawo, sai ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo ta ƙasa, ya shinshina, ya gatsa ƙwaya ɗaya. In ya ji ruma, ko ƙaninsa ne ya kawo, kalma ɗaya ce: "Mayar." Abincin kaji yake haɗawa, a kai ya yi furfura. Yanzu ƙurar dusa ta sa masa tari, likita ya ce ya huta.

Ni ba mazaunin wuri ɗaya ba ne, amma abin da ya yi wa yayata a gabana aka yi. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗakin kaji masu ƙwai. Da ƙwan nan ake ci, da shi ake sha. Ta ji ana cewa tsabar hatsi ta fi garin kamfani lafiya, sai ta yanke garin rana ɗaya, ta koma zuba musu zallar tsaba. Kaji suka rame, ƙwai ya ja baya, wanda aka samu ma ɓawonsa kamar takarda. Da ta ga za su mutu a hannunta, ta kira mai gashin kaji ya zo ya kwashe su.

Baba ne ya ji labari ya kulle shago da rana tsaka, ya tako yana tari. Ya tsuguna ya tona kashin kajin da tsinke. Ga masara nan ta fito yadda ta shiga.

Ya ɗago ya dube ta. "'Yata, kin taɓa ganin kaza da haƙori?"

"Baba, ni fa ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Kazar da ke yawo tsakuwa take haɗiya, ita ke niƙa mata hatsi a ƙundu. Naki a kan siminti suke. Kin ba su tsaba, kin hana su dutsen niƙa."

Ana cikin haka mai gashi ya iso da kwandonsa. "Tsoho, ciniki ka zo ɓata mini?"

"Ka dawo in sun tsufa," in ji Baba. "Ai ka fi su haƙori."

Ya sa aka rairayo ƙananan tsakuwa, aka daka busasshen ɓawon ƙwai, aka zuba wa kajin. Ya ce ta dawo da garin, tana ƙara tsaba kaɗan-kaɗan har cikinsu ya saba. Bai tsaya nan ba. Kullum in ya tashi daga shago sai ya biyo, ya ɗaga kaza ya taɓa ƙirjinta. Haka ya yi ta sintiri har ranar da yayata ta fito da faranti cike, ta ƙwanƙwasa ƙwai ɗaya da farce ya ƙi fashewa.

Na gode, Baba, gatan mai ƙaramin kiwo. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa hutun nan ya karɓe ka. Ku kuma masu sayar da abincin kaji, kada aikinku ya ƙare a bakin buhu. Ku bi abin da kuka sayar har ɗakin kaji, ku tsuguna ku duba. Yaran yayata sun karya da ƙwai yau da safe, kuma wani ne ya tsuguna dominsu.