Zabin Foman Atinga a Gaban Bagadi

Akwai wata Lahadi da ba ta taɓa fita daga raina ba, a shekarar da aka canja kuɗin Ghana, wadda kuma ambaliya ta ci arewa. Lokacin ina tuƙa rola a wani kamfanin gyaran hanya a nan Tamale. Foman ɗinmu shi ne Atinga, Kirista daga wajen Bolga. Ya fi ni muƙami, amma a kwano ɗaya muke cin waake, wato shinkafa da wake, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Afa Sule, wato Malam Sule.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, hanyar jan ƙasa matakai gare ta. Gireda ta baje ƙasa, tanka ta jiƙa ta, sannan rola ta danne. In aka danne ta a bushe, sama za ta yi kyau, ciki kuwa gari ne.

Muna aiki a bayan Kanvili tankarmu ta lalace, ga injiniya na tafe duba aiki. Atinga ya ce in danne haka nan. Na ce, “Massa,” don haka muke kiran shugaba, “babu ruwa.” Ya ce in danne, shi zai ɗauki nauyi. Na danne. Ruwan sama na gaba ya kwashe wurin. Da injiniya ya tara mu a yadi, wato harabar kamfani, ya tambayi wa ya yi, Atinga ya dubi ƙasa ya ce mai rola ne ya yi gaggawa. Aka sauke ni daga injin, aka ba ni jan tuta ina tsayar da motoci. Tun daga ranar na daina cin abinci da shi. Gaisuwa kawai, don addini ya hana ni yanke ta.

Bayan damina, ran Lahadi da hantsi, ina zaune ƙofar gida a Nyohini sai ga shi cikin farar rigar coci, gumi ya jiƙa ta. Na san ranar ce suke bikin godiyar girbi, kowa ya kai abin da Allah ya hore masa.

Ya ce, “Afa Sule, na bar zabi biyu ɗaure a gaban bagadi, inda ake miƙa baiko a coci. Na ɗauko su zan miƙa, sai na tuna. Littafinmu ya ce in ka kawo baiko ga Allah ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ajiye shi nan, je ku shirya tukuna. Ka yafe mini in koma kafin a tashi.”

Na ce, “Massa, a gaban yadi duka ka zubar da ni. A ƙofar gida za ka kwashe ni?”

Ya ce, “Gaskiya ne. To zabin su jira.”

“Za su mutu da ƙishi.”

“Katikis, malamin cocinmu, zai ba su ruwa. Ni aka ce in je, ba su ba.”

Bai koma cocin ba ranar. Ya zauna kan bencina har aka kira azahar, matata ta kawo tuwo muka ci. Na san abin da ke gabansa in ya faɗi gaskiya a yadi: yara huɗu a makaranta, ga injiniya marar haƙuri. Da zai tafi na ce ya bar maganar, na yafe. Ya ce ai ya riga ya ji gaskiya daga bakina, ba zai iya mayar da kunnensa baya ba.

Ran Litinin wajen kiran suna, kafin a raba aiki, ya cire hular kwano ya tsaya gaban injiniya da leburori. Ya ce shi ya ba da umarnin dannewa a bushe, na gargaɗe shi, kuma ya yi mini ƙarya don tsoro. Bai rage kalma ba. Aka sauke shi daga foman a ranar, aka maida ni kan rola. Sai Lahadin da ta biyo ya miƙa zabinsa, ba ganga, ba taro.

Mun ƙara shekaru muna aiki tare, yana auna ƙasa ina dannewa, kafin ciwo ya maida shi garinsu, inda ya rasu. Ban samu zuwa jana'izar ba, abin yana ci na har yau.

Ku yaran yanzu kuna tambayata sirrin hanya mai ƙarko. Ruwa ne kafin danni, wannan kowa ya sani. Amma ni na yi aiki da mutumin da ya karanta aya ya tashi ya bi ta da ƙafa, daga cocinsu a Kaladan har Nyohini, cikin rana. Idan na shiga yadi da safe ana kiran suna, muryarsa nake nema.