Tafin Hannun da Gwaggo Ta Buɗe

Kowa a gidanmu ya yi kuskure game da Gwaggo Majo, har da ni. Shekarun da ta yi tana majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a Yamai, mu a ganinmu hanya ta tara: ta ɗaga waya, ƙofa ta buɗe. Wannan tunanin ya kusa sa mu rasa yarinya.

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Dogondutsi, ni da yayata da ɗiyarta mai shekara uku, kwananta huɗu da zazzaɓi. Motar a cushe, ƙafafuna bisa buhun albasar wani. A Doso aka tsaya, mata na miƙo kopto, wato kwaɗon zogale, da dafaffen ƙwai ta taga. Wata dattijuwa ta leƙa fuskar yarinyar ta ce mu sauka nan, akwai asibiti. Na ce mata muna da mutum a Yamai. Da gadara na faɗa.

Daga nan duk shingen jandarma sai an tsaya duba kati. Yarinyar ta daina kuka. Na ɗauka sauƙi ne.

Gab da azahar taksi ya aje mu unguwar Talladje, ƙofar gidan Gwaggo. Gwaggo ba ta ko amsa gaisuwa ba. Ta kama hannun yarinyar ta buɗe tafin. Fari fat.

"Asibiti nawa kuka wuto?"

"Gwaggo, ai wurinki muka..."

"Ni jini ce? Ku tashi!"

Na ce ta kira wani babba tukuna. Ta ce ba ta taɓa yi wa ɗan kowa waya ba, ba kuma za ta fara a kanmu ba. Muka nufi asibiti tare da ita, ina cike da fushi.

Layi har waje. Yayata ta durƙushe tana salati. Can sai ga wata ma'aikaciyar jinya tana bin layin, ba ta tambayar suna, ba ta karɓar takarda, tafin kowane yaro kawai take buɗewa. Da ta iso kanmu ta sungumi yarinyar ta shige da gudu. Ko kallon Gwaggo ba ta yi ba.

Aka ce sai an ƙara wa yarinyar jini. Nawa ya dace, aka ɗiba. Ina kwance wadda ta sa min allurar take gaya min wata tsohuwar majo ce ta kafa wannan bin layin, ta yi ta rigima da manya har ya zauna. Ba ta san tsohuwar na zaune a benci a waje ba.

Kwana na uku yarinyar ta nemi kunu. Na shida muka kamo hanyar gida.

Da muke sallama na ce wa Gwaggo zan yi jarrabawar shiga makarantar jinya. Ta ce, "Da wannan bakin naki?"

Na ce ai gado ne. Takarduna na cikin jaka, ranar Litinin zan kai.