Dajin Kawu Sobhan Mai Sanƙo

Kawuna Sobhan Mridha ya yi rabin rayuwarsa yana gadin dajin da gwamnati ta dasa a bakin tekun tsibirinmu, a kudancin Bangladesh, don tare guguwa. Ya samu lambar yabo, ya rataye ta a wata ƙusa inda duk baƙon da ya zauna cin shinkafa da kifi sai ya gan ta. Ita ta sa ake kiransa sasanta rigima, alhali a da ƙaninsa ma ba ya gaishe shi.

Iliminsa ɗaya ne: manyan ofishin gandun daji ba sa taka taɓo. Daga cikin jirgin ruwa suke duba daji, kofin shayi a hannu. Don haka ya bar itatuwan bakin ruwa tsaf, ya sare na tsakiya, ya haƙa tafkin kiwon jatan lande. Kwaɗayi, in ji mutane. Ni ina ganin daɗin raina wa masu takalmi hankali ya fi jansa.

Sai ofis ya fara duba gaɓar teku ta tauraron ɗan'adam. Da Kawu ya ji, ya shimfiɗa koriyar raga a kan tafkin, ya koma shan shayinsa.

Wata ma'aikaciya, Shirin, ta iso da hoto. Kawu bai kalli hoton ba, ƙafarta ya kalla: takalmin roba har gwiwa.

"Baba, dajinka daga sama kamar kanka yake," in ji ta. "Gashi a gefe, tsakiya fes."

"'Yata, ki ji tsoron Allah! Ai kore ne shar."

"Na'urar tana bambance ganye mai rai da raga. Mu je ciki."

"Akwai macizai fa."

"To wuce gaba, sun san ka."

Aka karɓe lambar, aka tilasta masa cike tafkin ya sake dashe. Ya yi ta dasa yana tsine wa sama, ba ya fita sai da lema ko ba rana.

Itatuwan suka girma, aka sauya wa Shirin wurin aiki. Sabbin manya suka jera tsohon hoto da sabo, suka ga sanƙo ya rufe, suka tambayi sunan gwarzon da ya farfaɗo da dajin.

Ƙusar tana nan a bango, bai taɓa cire ta ba. A kanta ya rataye sabuwar lambar da suka ba shi.