Ranar da Hujja Ta Zo Makaranta a Kan Keke

Ina cin ƙosai a ofishin malamai sai ga wani dattijo ya jingine kekensa a bakin ƙofa, takardar ɗalibata Rabi a hannunsa. Tun daga nesa na hango jan birona a jikin takardar.

Makon jiya na ba ajinsu aikin gida: kowa ya zaɓi tarihi, adabi, halayyar ɗan Adam ko kimiyya. Yawancinsu daga waya suka kwafo. Rabi kuwa tarihin tsohuwar rijiyar unguwarsu a Kwanyawa ta rubuta. Na ɗauka ƙirƙira ta yi, na ba ta biyar cikin ashirin, na rubuta: "Ina hujjarki?"

Sai da dattijon ya gama tambayar iyali da aiki da damina, sannan ya miƙo takardar.

"Malam, ni ne kakanta. An ce kana neman hujja."

"Baba, littafin da ta duba nake nufi."

Ya buɗe tafin hannunsa, ga tabon igiya ya ratsa shi. "Mu bakwai muka haƙa ta, ni kaɗai na rage. Wane littafi ne ya shiga ramin?"

Na tura masa ƙosai, na ɗauki biro na mayar da biyar ɗin sha takwas.

Ya leƙo. "Biyun fa?"

"Rubutunta ne, Baba. Kamar tonon kaza."

Ya yi dariya. "Wannan kam gadon gidanmu ne."

Ranar Alhamis shi zai koyar da ajin. Ku fa, wane tsoho ne a gidanku da har yau ba ku zauna kun tambaye shi ba?