Makin da Mushe Mijinyawa Ya Ba Halimatou

Mijinyawa ɗan wani baduku ne na Maraɗi. Ingilishi ya karanta, aka turo shi Yamai yana koyarwa a wata lise, makarantar sakandare, inda yara ke ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Marowacin maki ne na ƙarshe. Abin da ya fi ƙauna shi ne ya aje wa yara rubutu biyu, ya ce su auna: wanne ya fi tsari, wanne ya fi gaskiya, kuma don me.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye ƙasa. Unguwar Lazaret ta bakin Yamai ta cika da tantunan waɗanda dabbobinsu suka ƙare. A lokacin ne Mijinyawa ya gaji da darussan littafi masu zancen dusar ƙanƙara. Ya ɗauko sanarwa biyu daga jarida, ɗaya ta gwamnatin da aka kifar, ɗaya ta soja, duka kan rabon jar dawar taimako. Ya juya su Ingilishi, ya ba 'yan ajin ƙarshe su kwatanta. Siyasa ba ta gabansa, salon magana yake so su gani.

Yawancinsu suka yabi ta soja suka huta. Amma akwai Halimatou, 'yar wani ƙauyen Tawa, wadda kuɗin bursinta, tallafin karatun da gwamnati ke ba ta, ke ciyar da uwarta da ƙannenta. Ita ta bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna duka sanarwoyin sun ce "za a raba", babu wadda ta faɗi mai rabawa ko ranar rabon. Ta rufe da cewa a garinsu an binne yara a ƙarƙashin gwamnatin farko, an binne a ƙarƙashin ta biyu.

Bai taɓa samun aiki irin wannan ba. Ya ba ta sha takwas bisa ashirin, ya kuma karanta wa aji da ƙarfi. Tana yi masa alama da ido ya bari, bai kula ba, daɗi ya ɗebe shi.

Ba a yi sati ba mota ta zo ta ɗauke shi daga makaranta. Aka zaunar da shi a ƙasa a tsakar wani bariki, cikin rana, ba ruwa, har la'asar. Sannan wani hafsa mai sanyin murya ya sa aka kawo masa kujera.

"Mushe, ba da kai muke ba," in ji hafsan. "Kai tambaya ka yi. Wa ya ba da amsar?"

Mijinyawa ya ce yara ne, ba su san abin da suke rubutawa ba.

"To, ke nan kai ka sa musu a baki. Na ji matarka na da tsohon ciki."

Babu wanda ya mare shi. Da bakinsa ya faɗi sunanta, har da ɗakin da take kwana a makaranta.

Kwana biyu aka riƙe ta. Da ta fito, darakta ya tara makaranta duka, ya karanta korarta da yanke bursinta, ana saura wata guda jarrabawar bak ta gama sakandare. Mijinyawa aka sa ya tsaya kusa da shi. Ta zo wucewa da akwatinta a ka, ta ɗan rusuna masa kamar kullum.

"Mushe, da ka ba ni goma, da ya ishe ni," ta ce.

Ya kau da kai, don idon darakta na kansa.

Ta koma ƙauye. Kafin damina ƙaninta na goye ya rasu, uwar ta kwashe sauran suka nufi kudu da ƙafa. Daga nan labarinsu ya yanke. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce ya ga mai kama da ita tana wankau a tashar Konni, amma bai tabbatar ba.

Shi kuwa Mijinyawa, aka ce ya nuna biyayya, bayan 'yan shekaru aka ɗaga shi ya zama mai duba malaman Ingilishi. Duk malamin da ya kama da darasin da ba na littafi ba, sai ya tsinka shi a gaban ɗalibansa, ya rubuta rahoto a kansa. Ya gina gida a unguwar Banifandou, ya aurar da 'ya'yansa, ya yi ritaya da lambar yabo. Da ya rasu, makabarta ta cika, tsofaffin ɗalibansa suna ta shaidar cewa mutum ne mai tsare aikinsa.