Ɓeran da Bai Ɗaga Ƙafa Ba

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Dakta Sa'idu, likitan dabbobi. Ni dillalin shanu ne a Karshi, ban yi boko ba, amma shi ne ya koya mini tsoron dabbar da ta yi shiru.

Wata rana ya shigar da ni ɗakin bincikensa a Garki, inda yake ajiye fararen ɓeraye. Ya ɗora ɗaya a kan farantin ƙarfe mai ɗumi. Nan take ya ɗaga ƙafa yana lasa. Ya ɗauko wani da aka yi wa allura ya ɗora. Wannan ya tsaya cak, ido buɗe, yana kallona, har Dakta ya cire shi da kansa.

Ya ce a cikin lakar ƙashin baya akwai jijiyoyin da aikinsu taka wa ciwo birki. Wani magani yana ƙara danna birkin. Wani kuma yana tsinke shi, har auduga ta taɓa ɓera ya yi tsalle kamar an soka masa kibiya.

"Alhaji, zafin yana nan," in ji shi. "Ɗan aiken ne aka toshe wa baki."

Ni kuwa ciniki na hango. Ina da bijimi mai ɗingishi, ga ranar kasuwa ta matso. Na ce ya ɗan tsakura mini maganin danna birkin. Ya ce, "Kai dai ba ka da tsoron Allah, ɗan kasuwa." Na yi dariya, na samo irinsa wajen wani mai talla a tashar Nyanya.

Da na ba shi, bijimin ya yi tafiya lafiya lau. Wani manomi ya saya, ya kora shi zuwa ƙauyensu. Ashe ƙashin ƙafar a tsage yake. A hanya ya karye ya huda fata, dabbar kuma tana ta takawa a kai, ba ko nishi. Manomin ya dawo ya tsaya a gabana. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Oga, wannan sa bai yi kuka ba. Me ka ba shi?"

Abin da har yau ban gane ba shi ne yadda Dakta, da duk saninsa, ya yi wa kansa haka. Ciwon ciki ya dame shi, aiki ya yi masa yawa, ya dinga shan ƙwayoyin kashe zafi. Ranar ƙarshe da na je, na same shi zaune a ofis, gumi ya jiƙa rigarsa, yana murmushi yana cewa ba ya jin komai. Idonsa irin na ɓeran nan ne. Kwana biyu bayan haka aka ce hanjinsa ya huje.

Da zai leƙo kasuwarmu yanzu, ban san me zai ce ba. Akwai layin da za ka bi, shanu cike, duk an ɗirka musu magani, ba ka jin motsin ko ɗaya. Sabbin dillalai suna kiran wannan ladabi.

Abin da ya bar mini ɗaya ne. Ba na sayen dabba sai na matsa mata ƙafa ta fizge.

Mako uku ke nan wani abu yana sukata a gefen ciki. Uwargida ta ajiye mini ƙwayoyi kusa da buta. Ban taɓa su ba. Ranar Alhamis zan je asibiti da ciwona yana magana.