Ranar da Na Zama Ƙadangaren Iya Talle

Tun da wuri in faɗa: wawan wannan labari ni ne, Sabo na Lausu, mai ilimin aji huɗu, wanda ya taɓa riƙe makullin ɗakin taro a wani ofishi a Rano yana jin kansa kamar alƙali.

Muna yara, idan sanyi ya sauka, kakarmu Iya Talle takan hura wutar kara a tsakar gida bayan sallar isha'i, ta zuba gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Ni da Binta, 'yar gwaggona, kullum muna ture juna saboda gefen da babu hayaƙi. Iya ba ta son tatsuniyar da ake yafe wa mugu. In an zo wurin ramuwa har gyara zama take.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. "Ta iso mu ji," in ji mu.

Wai an ba ƙadangare gadin rijiyar gari. Zabbi suka zo shan ruwa, ya ce guga yana wurin mai gari, su dawo gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka, alhali gugan yana ƙarƙashin cikinsa. Da ƙishi ya ishe su, suka sami wuri mai laima suka yi ta tono da ƙafa, wannan ta gaji waccan ta karɓa, har ruwa ya ɓullo. Sai rijiyar gari ta ƙafe. Ƙadangare ya zo da iyalinsa, suka ce ya dawo gobe. Ya gyaɗa kai. Har yau gyaɗawar yake.

"Iya, ba su ba shi ruwan ba?" na tambaya.

"Sun ba 'ya'yansa," ta ce, tana ɓare gyaɗa. "Shi kuwa ai bai gama biya ba."

Na yi dariya har da tafi. Binta kuwa ashe haddacewa take.

Shekaru suka wuce. Binta ta zama malamar makaranta, ni na zama masinja mai makulli. Wata Asabar ta zo da mata huɗu, cikinsu da ungozoma daga Kibiya da malamar gona daga Madachi, suna son aron ɗakin taro. Wai maza a majalisa suke jin labarin gurbin aiki da kwas da ƙarin girma, su kuwa sai an gama rabo suke ji, don haka za su riƙa haɗuwa suna sanar da juna. Na ga abin fitsara ne. Na nuna musu benci a waje, na ce oga ya fita da makulli. Makullin yana aljihuna, har yana sukana a cinya. Asabar uku na yi musu haka.

A ta huɗu ba su zo ba. Gindin wata tsamiya suka koma da tabarmi. Daga tabarmi sai zauren aro, daga nan sai nasu ginin. Yau Ƙungiyar Mata Ma'aikata tana da likita, tana da lauya, kuma in an buɗe gurbi a Rano ko Kibiya su suke fara ji. Ni a wurina duk tarihinsu ke nan, kuma da gaske nake cewa ni na kafa ta. Ba don na kulle ƙofa ba, wa zai tura su tono?

Bara jikata Hadiza ta gama karatun jinya, ta shekara a gida babu aiki. Wata Asabar na sa babbar riga na tafi da ita wurinsu. Aka karɓi Hadiza aka shige da ita, ni aka nuna mini benci, wai shugaba ta fita da makullin ofis. Ina jiyo muryar shugabar a ciki, Hajiya Binta ce. Asabar uku ina zuwa, ina zaune, tattabaru suna yi mini kashi a hula. A can na fahimci Iya ba don dariya take ba mu labarin ba. Tana kallon jikokinta ne tana tantance zabbi da ƙadangaru.

A ta ukun Binta ta fito, na tare ta.

"Haba Hajiya, tsakaninmu? Ko don darajar Iya Talle ki duba yarinyar nan."

"Yarinya tun Asabar ta farko muka haɗa ta da inda ake neman ta, Litinin za ta fara," ta ce. "Kai ne ba mu gama da kai ba. Ka dawo gobe, Malam Sabo."

Sai na ji kaina yana gyaɗawa.